Malam Sadisu, Wanda Ya Haƙa wa Japheth Kabari

Gawar da ta kwana uku a daji, fuska ta tafi, ba takarda a aljihu, ta wane addini ce? Na sha juya wannan tambayar a kan kekena na ɗinki, ban sami amsa ba. Kaciya ba ta rabewa, domin mu da Kiristocin ƙauyukanmu duk muna yi. Suna ma ba ya rabewa sosai, Yusha'unmu shi ne Joshuansu. Mutum ɗaya na sani a Birnin Gwari da tambayar ba ta taɓa tsayar masa da aiki ba: Malam Sadisu mai haƙan kabari, wanda ciwon baya ya zaunar da shi bana, bayan shekara talatin da ɗoriya.

Da an idar da asuba yakan ɗaura diga da shebur a bayan keke ya nufi maƙabarta. Ya cike kabarin da ruwan sama ya burma, ya saro ƙaya ya rufe wanda karnuka suka fara tona. Da 'yan bindiga suka cika daji, aikin ya fita gari. Direba zai ce ya ga ungulu na kewaya wuri kaza a hanyar Kamuku, sai ga Malam Sadisu a shagona: "Tela, yanko min yadi." Ya taɓa ce min wari bai dame shi ba kamar wayar da ke ƙara a aljihun mamaci. Shi yake ɗauka, shi yake gaya wa mai kiran.

Sau ɗaya na bi shi, a lokacin kaka, zuwa wani ƙauye gaba da Gwaska. Abokinsa Baba Obed, tsohon mai wa'azi a cocin ƙauyen, ya zo ya ce gawar ɗansa Japheth na kwance a gona tun shekaranjiya. Mun tarar da dawa ta nuna ba mai yanka, ƙofofi a buɗe, akuya guda tsaye a cikin coci tana kallonmu. Ba fasto, ba kafinta, ba akwati. Kuma kowa ya san kafin la'asar masu dajin ke fitowa. In ba a rufe Japheth kafin lokacin ba, sai dai a bar wa ungulu shi.

Da muka isa gonar, Malam Sadisu ya ajiye jarkar ruwa, ya warware farin yadi. Baba Obed ya sa ƙafa ya ture yadin.

"A'a, Malam. Da ransa bai bi ku ba. Ba za ka musuluntar min da shi yana kwance ba."

"Baba, ni na isa? Mai rai ma ban iya da kai ba, shekara nawa muna musu?"

Gaskiya ne. Sun tsufa suna gardama a gindin ɗorawa ranar kasuwa. Baba Obed na cewa an gicciye Yesu, ya mutu, ya tashi, Ɗan Allah ne. Malam Sadisu na cewa Annabi Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, ba a kashe shi ba, ɗauke shi aka yi. Ba wanda ya taɓa matsawa ko taƙi ɗaya.

"Ni ban yarda Annabi Isa ya mutu ba, ka sani," in ji Malam Sadisu. "Amma kai da ka yarda, a cikin me ka ce an sa shi? Akwati?"

Baba Obed ya ce, "Farin zane."

"Kai ka gaya min shi da almajiransa duk Bani Isra'ila ne, suna yi wa mamaci wanka, su naɗe shi, su rufe shi a ranar. Yadin nan kun riga mu saninsa, Baba. Ba zan yi wa Japheth salla ba, ba tasa ba ce. Wankan ma kai za ka yi, addu'a taka. Nawa rami ne. Ina kake so kansa ya duba?"

Baba Obed ya zauna a kan kunyar gona. Ya juya mana baya. Malam Sadisu ya ɗauki diga ya fara haƙa.

Da muka dawo gari wasu sun ce ya wuce gona da iri, likkafani na Musulmi ne. Na bincika iyakar karatuna, wanda ba shi da yawa, har yau ban san inda iyakar take ba. Abin da na gani shi ne bai sayar da aƙidarsa ba, bai kuma saci ta mamacin ba.

Malam Sadisu, kai ne mai zuwa inda 'yan'uwan jini suka kasa zuwa. Kai ne ka san ramin kowa a dajin nan, da wanda ke da suna da wanda ba shi da shi. Mun gode, Allah ya sa ka sami mai rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa bayinsa. Diga da shebur ɗinka na jingine a zaure. Mu masu ƙarfin baya, wani a cikinmu ya je ya ɗauka.

Ranar nan dai, rami ya kai ƙugu, inuwa ta fara karkata, muka jiyo babura can nesa cikin daji, sannan suka yi shiru. Baba Obed ya tashi. Ya ɗauki yadin daga ƙasa, ya kakkaɓe shi a hankali, ya nuna yamma da hannu.

"Kansa can. Tela, riƙe min jarkar, ka zuba kaɗan-kaɗan. Ba ya son ruwan sanyi."