Tunkuza da Ƙwan Tarwaɗa

Sau biyu ina ƙyanƙyasar tarwaɗa a bayan ɗakina a Tarai, sau biyu 'ya'yan suna fitowa suna ta juyi wuri ɗaya, ga abinci a gabansu ba sa ci, kwana huɗu su mace. Rashin sanin dalili ya fi asarar ci mini rai.

Lokacin cikina wata biyar. Haihuwar fari sai da aka yi mini aiki, don haka na yanke wa kaina hukunci: ba mai, ba kifi, ba ƙwai, kada yaro ya yi girma a ciki. Ba wanda ya sa ni.

Sai ga ƙanwata ta zo hutu daga jami'a, inda take binciken ƙwan kifi. Na sha yi mata tsiya, wai digiri a kan abin da nake zubarwa a kwata. Ta ɗora ƙwai ɗaya a kan gilashi, ta miƙo mini madubinta mai ƙara girman abu. Ga ɗan mitsitsin abu a naɗe jikin gwaiduwa, ana hango cikinsa tar.

"Yaya, kin ga kumburin nan na gaba? Ƙwaƙwalwa ce ake ginawa."

"Wa ke gaya mata yadda za ta yi?"

"Har da kitse. Ba gini kawai yake yi ba, saƙo yake kaiwa. A jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar akwai wuraren karɓa, kowanne da irin kitsen da yake jira. Su nake bibiya. Kuma daga uwa yake zuwa. Me kike ba uwayen?"

Man gyaɗa nake yi. In matse man tas in kai kasuwar Kibiya, tunkuzar da ta rage in haɗa da dusa in watsa wa kifi. Na gaya mata.

"Ba zan rantse ba," in ji ta, "amma akwai alama kitsen ne ya yi musu ƙaranci."

Na sake leƙa madubin na daɗe, sannan na ce, "Na mutum fa?"

Ta kalli kwanon tuwona, miya ba ko ɗigon mai. "Ban karanci mutum ba, Yaya. Ki tambaya a wurin awo."

Washegari a Rano sai da malamar asibiti ta gaji da tambayoyina. Ta yi mini faɗa, ta ce yunwa ba ta hana a yi wa mace aiki, in ci abinci kamar kowa. Da na dawo na kamo tarwaɗa mafi ƙiba na dafa.

Ina ci ina hawaye. Tsoron wuƙar likita bai tafi ba, na dai samu wanda ya fi shi.