Jijiyar da Zuciya Take Rataye a Kai

Mahaifina mutum ne da in ya ce a'a, to ka nemi wuri ka zauna. A Daura kowa ya san shi da wannan, tun yana fataucin awaki zuwa Mai'adua. Shi ya sa da likita a Katsina ya ɗauki hoton cikinsa ya ce babbar jijiyar jini ta kumbura, sai an yi masa aiki a Kano kafin ta fashe, na san mun shiga uku.

Mu 'ya'yansa maza muka taru muka lallaɓa shi. Ya ce abin da yake ji yana harbawa kusa da cibiyarsa iska ce, wanzami zai yi masa ƙaho ta fita. Yayana ya ƙara magana, Baba ya ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Yayan nan nawa gemunsa ya yi fari fat, amma haka ya sunkuyar da kai. Na ji tsoro ƙwarai a lokacin, don likitan ya gaya mana in ta fashe ko ƙofar gari ba za mu kai da shi ba.

Ana cikin haka Babbar Sallah ta zo, 'yata ta dawo hutu daga makarantar koyon aikin likita. Ita ce 'yar fari, don haka ni ko sunanta ba na kira, balle hira. Amma tsakaninta da kakanta babu shamaki. Yana ce mata amarya, ita kuma tana ce masa tsohon miji mai rowa.

A gidanmu mata ba sa zuwa wurin fiɗa. Suna ciki da kaskon suya, suna jira a miƙa musu kayan ciki. Ranar sai ga ta ta fito ƙofar gida, ta naɗe hannun hijabi, daidai lokacin da mahauci ya farke cikin ragon Baba. Na harare ta, ta yi kamar ba ta gan ni ba. Ta roƙi mahaucin kada ya datse, ya bi ƙashin baya a hankali ya ɓamɓaro mata wata farar jijiya mai kauri. Ta kama ta ta ɗaga, sai ga zuciyar ragon tana reto a ƙasa.

"Tsoho, matso ka ga abin da kake gardama a kai."

"Amarya, yau kuma fawa kika koma?"

Ta ce a makaranta ana kiran wannan jijiya aorta. Kalmar mutanen Girka ce ta can dā, ma'anarta abin da aka rataye, ko maratayi, domin su ma da suka duba sai suka ga kamar a kanta zuciya take rataye. Duk jinin da zuciya ta tura, ta nan yake fita, sannan ya rarrabu zuwa kai da ciki da ƙafafu.

"Ka tuna ragayar Kaka da take rataye ƙwaryar nono? In igiyar ta fara cinyewa, ƙaho ake yi mata ko sake ta ake yi?"

Baba ya matso kusa. Ya miƙa hannu ya karɓi jijiyar, ya matsa, ya ja ta, ya ga tana miƙewa tana komawa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana taɓa dabba kafin ya saya, ba ya yarda da abin da bai riƙe ba. Mu kuwa takarda da hoto muka yi ta nuna masa. Ta ɗora yatsansa a kan jijiyar, ta ce tasa a daidai nan ta yi laushi ta kumbura. Ya sa ɗayan hannun ya dafa cikinsa.

"Gani ya kori ji," in ji shi. "In an gama rabon nama, ku nemi mota."

Ina tsaye da wuƙa a hannu. Na so in ce wa duk wanda ke wurin 'yata ce wannan, amma sai na juya na hau yi wa mahauci faɗa a kan fata.

An yi aikin, Allah ya ba da sa'a, yau Baba yana nan yana gardama da mai goro. A asibitin, da aka zo tura shi ɗakin aiki, mu maza muka kewaye gadon kowa na yi masa addu'a. Shi kuwa ya ɗaga kai ya nemi babban likitan, mutumin da ya tsufa a kan wannan aiki, ya nuna masa yarinyar da ko jarrabawar ƙarshe ba ta yi ba.

"Likita, in ka buɗe ka rikice, kada ka ji kunya. Ga jikata nan a bakin ƙofa, ka aika a kira ta."