Gaisuwar da Na Sa Aka Goge

A wani shagon gyaran kwamfuta a unguwar Bololo wata mata take zaune kusa da ni, tana jiran mai gyara. Ta kusa hamsin, tabarau a kan karan hanci, lallen yatsunta ya fara koɗewa. Baƙin allon nan na terminal take buɗewa a kwamfutarta, inda ake rubuta wa na'ura umarni, tana danna haruffa da yatsa biyu.

Duk sanda ta buɗe, koren rubutu ne ke fara fitowa: "Sannu da aiki, Hadjara." A ƙarƙashinsa kuma jan gargaɗi. Umarninta ma da Hausa suke. In ta rubuta "duba", sai takardunta su jeru. Wani ne ya zauna ya tsara mata wannan, wanda ya san ta sosai.

Tana rufewa, tana buɗewa, tana tsaki. Ni kuma da karambanina na leƙa.

"Hajiya, fayil ɗin saitin ne ya lalace. Ki goge shi, ki mayar da na asali."

Na nuna mata yadda ake yi. Ban ce ta ajiye kwafi ba.

Jan rubutun ya tafi. Koren ma ya tafi. Ta rubuta "duba", na'urar ta ce ba ta san wannan umarni ba. Ta sake rubutawa a hankali.

"Shukran, Malam," ta ce, tana cire tabarau. "Maigidana ne ya sa min gaisuwar. Bara ya rasu."

Sai daga baya na tuna jan gargaɗin ya ambaci lambar layi: layi ɗaya ne kawai ya lalace a fayil ɗin. Da na tsaya na karanta, da na gani.