Tafin Hannu a Bakin Indararo

Da jaka biyu na sauka Makka ina amarya. Ɗaya ta kayan sawa ce, ɗaya kuma cike take da littattafan soyayya da na tara tun ina makaranta a Kano. Maigidana haifaffen unguwar Mansur ne, jikan alhazan da suka zo da ƙafa ba su koma ba. Sana'arsa gyaran rufin gidaje. Yakan toshe tsaga da siminti, ya shimfiɗa kwalta ya bi ta da wuta, ya dawo gida yana warin hayaƙi.

A cikin littattafaina namiji yakan tsaya yana kallon mace har ya manta abin da ya zo faɗa. Nawa kuwa in ya shigo ɗaki rufin yake fara kallo. Bai taɓa ce mini sanyin idaniyata ba. 'Yar Kano yake kirana, in abinci ya yi masa daɗi ya ƙara, shi ke nan. Na sha yin kuka a kan wannan, kukan da ba ni da wanda zan kai wa, don ko yayata na gaya wa dariya za ta yi.

A hawa na ƙarshe na wani tsohon bene muke, ni da shi da mahaifiyarsa, Hajiya. Saman benen shimfiɗaɗɗe ne, an kewaye shi da katanga iya ƙugu, akwai tankin ruwa da igiyoyin shanya, ga tattabaru ba adadi. Kafa ɗaya ce tak ruwa yake bi ya fita, wani indararo a kusurwa, daidai saman ɗakin Hajiya.

A shekararmu ta biyu ya sake dagargaza kusurwar nan ya zuba sabon siminti, yana gangarar da shi zuwa bakin indararon. Na hau masa da shayi na tarar ya gama shafe shi sumul, yana ƙyalli. Na roƙe shi ya rubuta mini wani abu a kai kafin ya bushe, ko kalma ɗaya ce, kamar yadda masoya suke yi a jikin bishiya. Ya yi dariya ya ce siminti ba takarda ba ne. Na juya zan sauka da fushina, sai na ga ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa na dama a kan ɗanyen simintin, ya danna, ya ɗaga. Yatsu biyar suka fito ras.

"Ga wasiƙarki nan," ya ce. "Amma ko me za ki yi a nan, kar ki toshe bakin nan. Kafin ruwa a share shi."

Na daɗe ina zaton kuskure ya yi, ya dafa ne zai tashi, ya mayar da abin wasa.

A shekara ta huɗu ya kwanta ciwo na kwana biyar, Allah Ya karɓi abinsa. Aka yi masa salla a Harami. Takabata kusan duk a saman benen nan na yi ta. Kullum bayan sallar asuba in gari ya waye nakan hau in zauna a kusurwar, in sa hannuna cikin nasa. Nawa yakan ɓace a ciki, ya bar fili ta kowane gefe. Bai bar mini takarda ko ɗaya da rubutunsa ba, ban kuma haihu da shi ba. Wannan ne abin da nake da shi.

Tattabaru suka yi ta ɓata wurin, matan hawa na biyu in sun zo shanya suna takawa ba su sani ba. Sai na samo bulo huɗu na kewaye tafin, na kifa tsohon faranti a kai. Bulo biyu daga ciki suka tsaya daram a bakin indararon. Na gani, amma ban manta maganarsa ba, na ce kafin ruwa zan kwashe.

Ranar da yayata ta bugo waya ta ce an yi ruwan farko a Kano, gari sai ƙamshin ƙasa, na hau na kwashe bulon, na share kafar tas, na zura sanda na fitar da gashin tattabaru. Na bar ta a buɗe duk tsawon damina, ana zuba rana a Makka kamar za ta narka kwalta. Da ta ce mini ruwa ya ɗauke, sun fara cin sabuwar gyaɗa, na mayar da bulona na kifa farantina. A raina na cika wasiyya. Ban taɓa tsayawa na lura da lokacin da ruwan Makka yake sauka ba. Ba ya yawa, in ya zo kuma yakan wuce ne ban sani ba, don akwai mai share masa hanya. Mu a nan da azumi da Hajji muke lissafin shekara, su kuwa zagayawa suke yi, ruwa ba ya bin su.

Da sanyi ya shigo, wata rana bayan la'asar, gari ya haɗe ya yi baƙi, aka tsuge da ruwa. Na tsaya a taga ina kallon yadda yake gudu a titin Mansur, masu sayar da abinci suna ta janye tebura. Zuciyata ta tafi can wajen maigidana, ina ta tsara abin da zan ce masa da yana tsaye a bayana. Hajiya ce ta kira ni daga ɗakinta.

"Ya binti, ban ji mirzab ba."

Binti 'yata ke nan a Larabce, mirzab kuwa haka suke kiran indararo. Shekara arba'in tana jin zubarsa a bayan tagarta duk ranar da aka yi ruwa, ranar kuwa shiru.

Na hau da gudu. Saman benen ya zama tafki, ruwa har ƙwaurina, yashi da gashin tattabaru sun cushe tsakanin bulon sun liƙe. Na tumɓuke su da hannu, ruwan ya tafi da ƙara, amma ya riga ya samu wata hanyar. Washegari rufin ɗakin Hajiya ya yi tabo kamar taswira, fenti yana kumbura yana faɗowa, ɗigo yana sauka a kan gadonta. Muka janye gadon muka tara roba. Kwana uku ba a sake ruwa ba, ɗigon bai tsaya ba. Ɗakin ya ɗauki warin danshi, tsohon tarin Hajiya ya tashi, har in ta yi sujada sai na taimaka mata ta ɗago. Na roƙe ta ta koma ɗakina, ta ce a nan ta haifi ɗanta, a nan za ta zauna. Ba ta taɓa tambayata abin da ya toshe kafar ba, ko da yake na san matan ƙasa sun gaya mata.

Na aika aka kira abokin aikin maigidana, wani dattijo mutumin Damagaram da ya san ni tun ranar da aka kawo ni, har yau Amarya yake ce mini. Da na ba shi labarin bulon da wayar yayata, ya riƙe haɓa ya ce dama Bakano ko a ƙofar Ka'aba ka ajiye shi hadarin Kano yake jira. Ya ce da ya san na iya madatsar ruwa haka da tuni ya ɗauke ni aiki. Na ce Badamagare kuwa ina ya taɓa ganin ruwan da zai san lokacinsa. Muka ɗan yi dariya, rabona da ita tun kafin rasuwar.

Ya bi kusurwar yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma yana saurare. Ya ce ruwa ya shige ƙarƙashin simintin ya kwanta, in ba a fasa an busar an sake shimfiɗa kwalta ba, ɗigon ba zai tsaya ba, kuma ana sa ran wani ruwan a makon. Da ya iso kan tafin sai ya dakata da ƙwanƙwasawar. Ya durƙusa ya nuna mini wata siririyar tsaga da ta taso daga tsakiyar tafin ta bi ta babban yatsa. Ta nan ruwan ya shiga.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce marigayi ne, amma ina jin dafawa ya yi bisa kuskure.

Ya girgiza kai. Ya ce shekara goma sha suna aiki tare, marigayi bai taɓa barin ko tabon farce a bakin indararo ba, don duk inda ya lotsa ruwa yakan kwanta ya ci wurin. Ya taɓa sa shi ya sake shafe rufi guda saboda sawun mage.

"Amarya, mutumin nan yana sane. Ya san zai ɓata aikin, ya yi."

Na juya na kalli tankin ruwa har idona ya daina ganinsa. Shekara biyu ina shanya a kan abin da na yi ta nema a littattafai.

Na tambaye shi ko zai iya yanko mini shi ɗungurungum. Ya ce zai gwada, amma simintin bai kai kaurin yatsa biyu ba, ruwa kuma ya riga ya ci shi, kar in sa rai. Ya ce in na fi so a bar shi, sai a bari, ba zai taɓa ba sai da izinina. Muna tsaye tarin Hajiya ya taso ta kafar bene, dogo, irin wanda ba ya son ƙarewa.

Na durƙusa na sa hannuna a ciki. Rana ta gasa shi, yana da ɗumi. Na tashi na ce, "Malam, fasa."

Ban tsaya na gani ba. Na sauka na zubar da ruwan robar, na zauna a bakin gadon Hajiya ina shafa mata baya. Gudumar ta sauka a saman kanmu, ƙurar fenti ta zubo a kan mayafina. Hajiya ta ɗaga kai ta saurara, ta tambaye ni me ake yi a sama. Na ce ana buɗe indararo ne. Ta kama hannuna ta riƙe, ba ta saki ba har ƙarar ta tsaya.

Da zai tafi ya miƙo mini ƙullin leda. Gutsattsari ne da gari, sai guntu ɗaya da ake iya gane kan ɗan yatsa a jiki. Na sa shi a jakar littattafan.

An sake ruwa ranar Alhamis. Ni da Hajiya muka zauna a ɗakinta muna jin zubarsa a bayan taga, robar tana gabanmu a bushe.