Karan da Na Auna Kakana da Shi

Shekarar da Nasara suka kama mu zuwa lakwal, wato makarantar boko, a Filinge, malaminmu baƙo ne daga bakin teku. Ya ce a riƙa kiransa mushe. Mu kuwa abin da muka sani da mushe shi ne dabbar da ta mutu ba a yanka ba, don haka iyayenmu tun farko ba su ji daɗin wannan karatu ba.

A shekara ta uku ya fara koya mana ciniki irin na kanti. Ya ce kamu na hannu ya ƙare, yanzu da metir ake auna yadi, kuma wanda ya fi iya awo za a kai shi Yamai ya ƙara ilimin fatauci. Ni kuwa na ci burin wannan tafiya, har ina raina kakana, mahaifin Inna, wanda ya tsufa yana auna sawaye, farin ƙyallen saƙar hannu, da gwiwar hannu a kasuwa.

Sandar metir ɗaya ce a lakwal, mushe ba ya bari ta fita. Sai ya ce kowa ya je gida ya yanko kara daidai tsawon wani abu, ya kawo a gwada da sandar. 'Yan ajinmu suka kawo tsawon ƙofa da na taɓarya. Ni sarkin iyawa na ce sai na kawo abin da ba wanda ya kawo.

Bayan azahar na tarar da Kaka yana barci a rumfa, a kan tabarma. Na zaro dogon karan gero daga darni, na shimfiɗa shi a gefensa daga kai zuwa diddige, na karya abin da ya yi saura. Ƙarar karyawar ce ta sa Inna ta waiwayo. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta a hankali, ta zauna a ƙasa. Sai a lokacin na tuna inda na taɓa ganin an yi wa mutum haka: da kara ake ɗaukar tsawon mamaci a kai wa masu haƙa kabari.

Kaka ya buɗe ido ya dubi karan, ya dube ni.

"Ka ƙare, abokina?" in ji shi.

"Kaka, aikin lakwal na."

Inna ta ce, "Baba, bari in ƙone shi."

"A'a, ɗiyata. Wanga awo ya yi. A aje shi, kada a wahal da kowa rannan."

Da hannunsa ya soke karan a jinkar ɗakinsa. Daga ranar bai ƙara zuwa kasuwa ba. Lafiyarsa ƙalau, yana cin tuwo, yana tsokanata, amma ya raba sawayensa, ya ba maƙwabci jakinsa. Inna ta daina kallon idona. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don na tabbata ni na kira masa mutuwa.

Sai na yi dabara irin ta yaro. Ranar kasuwa, da gida ya watse, Kaka kuma yana barci a rumfa, na zare karan na jefa a murhu, na soke wani da ya fi shi tsawo da taƙi ɗaya cur. A tunanina, in mutuwa ta zo ta gwada ta ga bai yi daidai ba, za ta ce ba gidan ba ne, ta wuce.

Bayan an gama yankan gero, wata safiya Kaka ya kwanta bayan karin kumallo, bai tashi ba. Tsoho ne mai ranƙwafawa, amma da aka yi masa wanka aka miƙar da shi, sai ya zama dogo kamar ba shi ba. Inna ta faɗi wasiyyarsa, aka zaro karan daga jinka. Ina bakin ƙofa, ina jiran a ce karan ya yi yawa.

Mai haƙa ya shimfiɗa shi a gefen gawar, daga kai zuwa diddige. Ko ɗan yatsa bai ragu ba.

Ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya ɗauki awon ga? Wallahi ya iya."