Elia Kamakea da Ɗaurin Tsirkiyar da Ya Tafi da Shi

An haifi Elia Kamakea a shekarar 1929 a garin Hana da ke tsibirin Maui, ɗaya daga cikin tsibiran da ke ƙarƙashin Amurka. Mahaifinsa Iokepa makiyayin shanu ne, mahaifiyarsa Luika kuwa mawaƙiyar coci ce.

Ƙuruciya da Gado

A shekarar 1941 mahaifinsa ya ɗora masa jita a kan cinya, ya danƙa masa guntun ƙarfen da ake zamewa da shi a kan tsirkiya har ta yi kuka irin na mutum, sannan ya koya masa ɗaurin tsirkiya na gidansu, wato yadda ake murɗa kowace tsirkiya har ta ba da nata sautin, wanda suka gada tun daga kakansa. Sharuɗɗa uku ya gindaya masa bisa al'adar makaɗan lokacin: ya juya wa jama'a baya idan zai ɗaure, ya sassauta tsirkiyoyin da zarar ya gama kiɗa, kada kuma ya koya wa wanda ba jininsa ba.

Sana'a da Abokin Kiɗa

A 1950 ya koma Honolulu, babban birnin tsibiran, inda ya haɗu da Beni Freitas, makaɗin ƙaramar jita, suka shafe shekara hamsin da ɗoriya suna kiɗa tare a otal-otal da bukukuwa, har Japan sun je a 1966. Sun fitar da faifai huɗu, amma ko sau ɗaya Elia bai yarda an ɗauki ɗaurin gidansu a faifai ba. Taurin kai kam, Allah ya hore masa.

An ruwaito cewa a 1972 Beni ya ce masa, "Haba ɗan'uwa, shekara ashirin ina gefenka, har yau ƙeya kake nuna min?"

Elia ya ce, "Je ka canja uba ka dawo, sai mu yi magana."

Aure da Iyali

Ya auri Mileka Aiona a 1954, suka haifi 'ya'ya uku. Ya yi ta jiran ɗayansu ya nemi jitar, shiru. Biyu sun yi ƙaura zuwa babban yankin Amurka neman aiki, ta ukun kuma ta zama ma'aikaciyar jinya. Mileka ta rasu a 1995.

Shekarun Ƙarshe

A watan Maris na 2003, bayan ciwon mantuwa ya fara taɓa shi, ya aika aka kira masa Beni, ya zauna yana fuskantarsa a karo na farko, ya ce, "Buɗe idonka da kyau, tsoho, sau ɗaya zan yi." Ya ɗaure tsirkiya ta farko da ta biyu, a ta uku hannunsa ya tsaya cak. Ya murɗa, ya sassauta, ya sake murɗawa har rana ta karkata, abin ya ƙi zuwa.

Beni ya ce, "Bari sai gobe."

Elia ya ce, "Babu gobe, Beni. Ya tafi." Daga nan ya fashe da kuka. Abin takaici ne ƙwarai, domin babu inda aka rubuta ɗaurin, babu kuma wanda ya taɓa ganin yadda ake yi. Beni ya yi shekara uku yana zuwa duk Asabar yana murɗa tsirkiyoyin ko Allah zai sa a dace, Elia yana girgiza kai.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Yuni, 2006, yana da shekara saba'in da bakwai. An binne shi a harabar cocin Hana, kusa da mahaifinsa. Ya bar 'ya'ya uku: Iokepa, mai sunan kakansa, direban mota a Las Vegas, Kawika, ma'aikacin tashar jiragen ruwa a Seattle, da Leinani a Hana. Babu makaɗi a cikinsu. Jitar tana rataye a ɗakin Leinani, tsirkiyoyinta a sake, yadda Elia ya saba barinsu.