Inna Mai Bokiti da Hannun Tela

Ƙarfe bakwai na safe za ka ji ƙarar bokitinta a barandar sashen gaggawa. Shekara ashirin da shida Inna Mai Bokiti tana goge asibitin nan, manya na tsallake tsummanta ba ko sannu.

Da annoba ta zo aka kafa doka: duk wanda aka yi wa hoton ƙwaƙwalwa, sai an wanke ɗakin da magani kafin wani ya shiga. Doka mai kyau. To, wa zai wanke? Masu shara huɗu ne, uku suka gudu, kuma ban ga laifinsu ba, tunda takunkumin fuska ɗaya ake ba su duk mako. Masu dokar kuwa suna gida suna ba da umarni ta waya.

Shanyewar ɓarin jiki ba ta jira. In gudan jini ya toshe jijiya, awa huɗu ce da 'yan kai ake da ita a yi allurar narkar da shi. Ba hoto, ba allura, ba allura kuma hannu ya tafi ke nan. Mutane da dama sun shanye a kan benci suna kallon ƙofa a kulle, har yau abin na ci mini rai.

Wata Talata aka kawo wani tela, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Saura minti arba'in lokacinsa ya ƙare.

"Ba a wanke ɗakin ba, sai da yamma," in ji mai hoto.

Matar telan ta rushe da kuka. "Da hannun nan muke ci!"

Inna ta matso. "Ɗana, ba ni mabuɗin. Kai ka san inji, ni na san datti."

Ta shiga ita kaɗai. Nas ɗin da ta gani ta ce cikin minti ashirin ta fito, maganin ya saɓe mata tafin hannu. Aka yi hoto, aka yi allura. Haka ta riƙa yi kullum har annoba ta lafa.

Makon jiya aka karrama jaruman annoba. An kira mutum talatin. Ita ma an kira ta, ta share zauren bayan an watse. Ba ku ji kunya ba?

Inna, ke ce kika buɗe ƙofar nan, sannunki, Allah Ya saka miki. Ƙarshen wata za ki ajiye bokiti. Mai neman abin koyi ya zo ya gan ki ranar, za ki fita da sabuwar riga. Telan ne ya ɗinka, da hannun dama.